Wa Ya Kashe Kwamfutocin Makarantunmu?



A makarantunmu da dama akwai wani ɗaki wanda kullum ƙofarsa a garƙame take da kwaɗo, makullin kuma yana aljihun hedimasta. A cikinsa akwai kwamfutocin kan tebur goma ko ashirin, an lulluɓe su da leda, ƙura ta yi musu rawani. Idan baƙo ya tambayi dalilin rufe shi, amsa ɗaya ake ba shi: sun tsufa, ba sa ɗaukar manhajar zamani. An maimaita wannan amsa har ta yi kama da gaskiya. Mu kuwa ba mu yarda da ita ba, kuma a wannan rubutu za mu kawo hujjojinmu.

Galibin waɗannan na'urori lafiyarsu ƙalau. Abin da ya same su shi ne an haɗa su da manhajar da ba a yi ta dominsu ba, manhajar ta ƙi su, sai aka yanke musu hukuncin kisa ba tare da an saurari shaida ba. Wannan hukunci yana cin dukiyar jama'a, yana cin aljihun malami, sannan yana sa ɗan talaka ya gama aji shida bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Kuma a mafi yawan lokuta, wurin da rigimar take farawa shi ne manhajar gyaran hoto, a ranar da ta fito da saƙo a kan allo cewa katin hoton na'urar bai dace da ita ba.

Me ya haɗa malamin firamare da gyaran hoto?

Wani zai ce ina ruwan mai koyar da baƙi da wasali da manhajar gyaran hoto. Wanda ya yi wannan tambaya ya daɗe bai leƙa ofishin hedimasta ba. A yau rajistar jarrabawar shiga makarantun sakandaren gwamnatin tarayya, wadda hukumar NECO ke shiryawa, ta intanet ake yin ta, kuma sai da hoton fasfo na kowane yaro. Katin shaidar ɗalibi yana buƙatar hoto. Takardar kammala makaranta tana buƙatar hoto. Malamin kimiyya yana son ya buga hoton sassan fure ko na zuciyar ɗan Adam ya manna a bango, ya sa musu suna da harshen da yara za su gane. Duk wannan aiki ƙarami ne: a yanke gefen hoto, a ƙara masa haske, a mai da bayansa fari, a rage masa nauyi har shafin rajista ya karɓa, a rubuta suna a ƙasa.

Idan kwamfutar makaranta ta kasa yin wannan, aikin ba ya tsayawa. Malamin aji ne zai hau acaɓa ya tafi shagon buga takardu a cikin gari, ya bi layi, ya biya, sau da yawa daga albashin da bai kai shi ƙarshen wata ba. Ko kuma a aza wa iyaye wani sabon kuɗi, a kira shi kuɗin fasfo, uban da ke da 'ya'ya uku a makaranta ya ji a jikinsa. Awa biyun da malamin ya ɓata a layi kuwa, darasin lissafi ne da ba a yi ba. Saboda haka maganar katin hoto magana ce ta albashi da lokacin aji, kuma tana cikin hurumin ƙungiya kamar yadda maganar alli da kujeru take.

Mene ne katin hoto, kuma don me manhaja take ƙin sa?

Rashin sani ya fi dare duhu, kuma a cikin wannan duhu ne ake cutar mu. Don haka bari mu fayyace abin. A cikin kowace kwamfuta akwai babbar ƙwaƙwalwa, wadda masu gyara ke kira furosesa, ita ke yin lissafin kowane aiki. Akwai kuma wani sashe mai kula da abin da ido ke gani a kan allo, shi ne katin sarrafa hoto, wanda a kasuwa ake ce wa girafik kad. A kwamfutocin ofis, irin waɗanda ake kawo mana na gwanjo, yawanci wannan sashe a haɗe yake da furosesa, ba kati ne daban da ake cirewa ba. An yi shi ne domin rubutu da lissafi da kallon hoto, kuma yana yin waɗannan ba tare da gajiya ba.

Katin ba ya magana da manhaja kai tsaye. Tsakaninsu akwai tafinta guda biyu. Na farko wata ƙaramar manhaja ce da kamfanin da ya ƙera katin yake rubutawa, ana kiran ta direba. Na biyu wata ƙa'idar sadarwa ce da ke cikin Windows, mai suna DirectX, wadda ake sabunta ta mataki bayan mataki. Idan manhajar gyaran hoto ta ce ita DirectX 12 kaɗai take ji, katin kuma iyakar iliminsa DirectX 10 ko 11, to magana ta ƙare, ko da katin yana aiki kamar ranar da aka fito da shi daga kwali.

Yanzu a dubi tarihin manhajar da ta fi kowace suna a wannan fage, wato Photoshop ta kamfanin Adobe da ke Amurka. Ta fito a 1990, ta yi shekaru goma sha takwas tana aiki da furosesa kusan ita kaɗai. A 2008, da fitowar CS4, aka fara jingina wasu ayyukanta a kan katin hoto. A 2012 aka fitar da CS6, wadda ita ce ta ƙarshe da mutum zai saya sau ɗaya ta zama tasa. A 2013 kamfanin ya sanar da cewa sababbin fitowa duk haya za a riƙa bayarwa, ana biya duk wata ko duk shekara. Fitowar da ake yi a 'yan shekarun nan kuwa tana neman kati mai cikakken DirectX 12, da ma'ajiyarsa ta kansa da ba ta gaza gigabayit 1.5 ba, da ram ɗin kwamfuta aƙalla gigabayit 8.

A gefe guda, masu ƙera katin su ma suna janye hannu. Sashen hoton da ke cikin furosesar Intel ta 2011 iyakarsa DirectX 10.1, na 2012 kuma iyakarsa DirectX 11. Na 2013 ya zo ya samu ikon jin DirectX 12 bayan fitowarsa, amma daga baya kamfanin ya rufe masa wannan ƙofa ta hanyar sabon direba, saboda wata kafar tsaro da aka gano. Kamfanin Nvidia ya daina sabunta direbobin katinsa na zamanin 2010 a 2018, na zamanin 2012 kuma ya daina ba su sababbin gyare-gyare a 2021, ya bar musu gyaran tsaro kaɗai har zuwa 2024. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: kamfanin Microsoft ya janye tallafin Windows 7 a Janairun 2020, ya janye na Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025 in ban da masu shiga wani tsarin ƙarin wa'adi, Windows 11 kuwa ba ta karɓar galibin na'urorin da aka ƙera kafin 2017.

Mai karatu ya lura da abu ɗaya a cikin wannan jerin shekaru. Babu ranar da wani ƙarfe ya narke ko wata waya ta tsinke a cikin kwamfutar makarantarmu. Kowace rana daga cikinsu ranar yanke shawara ce a ofishin wani kamfani da ke nesa da mu. Na'urar da ta gyara hoton fasfo a 2014 za ta gyara shi a yau, domin hoton fasfo bai ƙara nauyi ba.

Hujjar kamfanoni, da inda ta tsaya

Adalci ya sa mu faɗi abin da kamfanonin ke cewa. Suna cewa sababbin ayyuka, irin cire mutum daga cikin hoto da dannawa ɗaya, ko cike gurbi da ƙirƙirarriyar basira, suna buƙatar kati mai ƙarfi. Suna cewa ba zai yiwu su ci gaba da biyan injiniyoyi suna gwada manhaja a kan kowane kati da aka taɓa ƙerawa ba. Suna cewa tsohon direba yana iya zama ƙofar ɓarayin intanet. Duk waɗannan gaskiya ne, kuma mai sana'ar hoto a babban gidan talla zai amfana da wannan ƙarfi, ya kuma iya biyan kuɗinsa.

To amma mu ba gidan talla muke gudanarwa ba. Hayar Photoshop ita kaɗai ta haura dala 20 a wata. A canjin da dala ta wuce naira 1,000, wannan ya haura naira 20,000 duk wata a kan mutum ɗaya, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne bisa dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2024, albashin da kowa a cikinmu ya san irin gumin da ake sha kafin ya iso hannun malamin firamare. Akwai rangwame ga makarantu, amma shi ma da dala ake ƙiyasta shi, kuma ranar da aka daina biya manhajar ta rufe. Kowa ya ci shinkafar rance tasa ya ci. Makarantar da ke nema wa rufinta kwano ba ta da dalilin ɗaukar hayar tirela domin kai buhun gero ɗaya kasuwa.

Ga kuma inda babban ƙorafinmu yake. Kamfanin Amurka bai zo ƙauyenmu ya tilasta mana manhajarsa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar tana gida, a teburin da ake zama a tsara abin da za a saya wa makarantu. A nan ne ake rubuta kwamfuta guda ashirin a takardar kwangila ba tare da an faɗi shekarar ƙira, ko yawan ram, ko irin katin hoto, ko manhajar da za ta hau kai ba. Ɗan kwangila ya tafi kasuwa ya kwaso mafi arha, a jera su a ɗaki, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto, a watse. Ba a tambayi malamin da zai koyar da su ba, ba a horar da shi ba, ba a bar masa lambar wanda zai kira idan wani abu ya tsaya ba. Bayan wata shida saƙon nan ya fito a kan allo, sai a ce malamai ne suka lalata, ko kuma a ce kayan sun tsufa, a fara shirin sabuwar kwangila. Wa ke cin ribar wannan zagaye? Ba ɗalibi ba ne dai.

Tarkon sayen sabon kati

Idan saƙon ya fito, shawarar farko da mai gyara zai bayar ita ce a sayi sabon katin hoto. Nan da nan sai a yi karo-karo a tsakanin malamai, ko a taɓa asusun ƙungiyar iyaye da malamai. Muna roƙon 'yan'uwa su dakata kafin su fitar da ko sisi, domin a wannan hanya akwai ramuka huɗu.

Ramin farko shi ne girman akwati. Kwamfutocin ofis da yawa sirara ne, kati mai cikakken tsayi ba ya shiga cikinsu, sai gajere wanda aka ƙera musamman da ƙaramin ƙarfen ɗauri. Rami na biyu shi ne wuta. Gurbin da ake soka katin ba ya bayar da fiye da wat 75, kati mai ƙarfi kuwa yana neman wata waya ta daban daga akwatin wutar kwamfuta. Akwatin wutar siraran na'urorin ofis ƙarami ne, sau da yawa bai wuce wat 250 ba, ba shi da wannan waya, kuma wasu kamfanoni suna ƙera shi da siffar da ba a iya musanya shi da na kasuwa.

Rami na uku ya fi zurfi, domin a rubuce yake a kan kwali. Katin da suka fi yawa a shagunan gwanjo, irin GT 710 da GT 730 na Nvidia, ana rubuta DirectX 12 a jikin kwalinsu. Amma DirectX 12 yana da matakai a cikinsa. Waɗannan kati suna tsayawa a matakin 11_0, sabuwar Photoshop kuwa matakin 12_0 take nema. Sai mutum ya biya kuɗi, ya soka kati, ya kunna, saƙon jiya ya sake gaishe shi. Shi kansa GT 730 ba iri ɗaya ba ne: an sayar da kati masu ƙira daban-daban da wannan suna ɗaya, wasu cikinsu na zamanin 2010 ne. GT 1030 na 2017 ya haye wancan mataki, wat 30 kacal yake ci, akwai kuma gajerensa, amma shi ma kala biyu ne, mai ma'ajiyar GDDR5 da mai DDR4, na biyun kuma ya fi na farkon nawa nesa ba kusa ba duk da suna ɗaya suke amsawa. Rami na huɗu shi ne lokaci: a 2025 kamfanin ya sanar da cewa zuriyar wannan kati ita ma ta kai ƙarshen sababbin direbobi, saura gyaran tsaro. Wanda ya bi wannan hanya yana tsere ne da inuwarsa.

Kafin a saurari kowane mai gyara, akwai binciken da malami zai iya yi da kansa cikin minti biyu. A wurin bincike na Windows a rubuta dxdiag, a buɗe, a duba shafin da ya shafi allo. A nan za a ga sunan katin, da yawan ma'ajiyarsa, da matakan DirectX da yake ji. A rubuta su a takarda. Wanda ya je kasuwa da wannan takarda a hannu ba a yi masa kallon baƙauye. Sannan a san wannan: ga irin aikinmu na yanka hoto da gyara haske, furosesa da ram ne ke ɗaukar nauyin. Ƙara ram zuwa gigabayit 8, da musanya tsohon faifan ajiya mai juyawa da sabon nau'in da ake kira SSD, sun fi sabon kati farfaɗo da tsohuwar na'ura, kuma yawanci sun fi shi sauƙin kuɗi.

Manhajar sata ba mafita ba ce

Akwai wata hanya da ake bi a ɓoye, kowa ya san ta, ba a dai faɗa a taro. Mai gyara zai zo da filashi ya ɗora tsohuwar manhajar da aka fasa makullinta, ya ce an gama. Muna adawa da wannan ta fuska biyu. Ta fuskar tsaro, irin waɗannan manhajoji hanya ce sananniya ta shigar ƙwayoyin cutar kwamfuta, kuma na'urar makaranta tana ɗauke da sunayen yara da hotunansu da ranakun haihuwarsu, amanar da iyaye suka danƙa mana. Ta fuskar tarbiyya kuwa, da safe muna tsayawa a filin taro muna gaya wa yara kada su ɗauki fensirin da ba nasu ba, da rana kuma mu zaunar da su gaban kayan da aka ɗauka ba da izinin mai shi ba. Tsadar kaya ba ta halatta satar su, musamman idan akwai halattaccen da ake bayarwa kyauta.

Da tsohuwar zuma ake magani

Akwai shi kuwa. A 1995 wasu ɗalibai biyu a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Spencer Kimball da Peter Mattis, suka fara rubuta wata manhajar gyaran hoto mai suna GIMP. Tun daga lokacin masu sa kai a ƙasashe daban-daban ke raya ta, kuma fitowarta ta uku ta zo a Maris ɗin 2025. Lasisinta ya ba kowa izinin ya sauke ta, ya ɗora a kan na'ura ɗari, ya ba maƙwabci, ba tare da biyan ko kwabo ba. Nauyin aikinta a kan furosesa yake, don haka ba ta tsayar da mai tsohon kati a bakin ƙofa. Tana yanka hoto, tana gyara launi, tana aiki da shimfiɗa bisa shimfiɗa, tana rubutu a kan hoto, tana rage nauyin fayil. Akwai 'yan'uwanta: Inkscape domin zanen tambari da taswira, Krita domin zanen hannu, LibreOffice domin rubutu da lissafi. Idan kuma Windows ce ta juya wa na'urar baya, akwai babbar manhajar Linux, wadda nau'o'inta irin Linux Mint da Lubuntu suke tafiya a kan kwamfutoci masu shekara goma da ɗoriya, suna kuma ci gaba da samun gyaran tsaro.

Kada a ce wannan mafarkin masu karatun boko ne. A kudancin Indiya akwai jihar Kerala, mai mutane fiye da miliyan 30. A 2001 gwamnatinta ta kafa shirin koyar da kwamfuta a makarantun gwamnati. Da farko manhajojin kamfani aka ɗauka, amma malamai da masu rajin manhajar kyauta suka tayar da jijiyar wuya, ƙungiyar malaman jihar kuma tana sahun gaba. Daga tsakiyar shekarun 2000 makarantun suka koma Linux, aka sake rubuta littattafan karatu bisa manhajojin kyauta, har da GIMP, aka horar da malamai su horar da 'yan'uwansu. Abin da ya fi jan hankalinmu a wannan labari shi ne masu alli a hannu ne suka juya akalar, ta hanyar ƙungiyarsu. Ƙungiyarmu ta malaman Najeriya, wadda aka kafa tun 1931, ba ta gaza tasu shekaru ko murya ba.

Mun san abin da za a ce: kasuwa Photoshop da CorelDRAW ta sani, yaron da ya koyi wata manhaja ba zai samu aiki a shagon ɗab'i ba. Amsarmu ita ce, yaro ɗan shekara goma muke magana a kai. Kafin ya kai neman aiki, manhajar yau ta canza fuska sau biyar. Abin da zai zauna masa shi ne fahimtar yadda hoto yake a cikin na'ura: ɗigo-ɗigon da suka haɗu suka yi shi, bambancin girmansa da nauyinsa, yadda ake ajiye fayil a sake nemo shi. Wanda ya iya tuƙa tsohuwar Fijo ba zai kasa tuƙa sabuwar mota ba. Kuma tun 2015 jarrabawar shiga jami'a ta JAMB a kan kwamfuta ake rubuta ta gaba ɗaya. Yaron da bai saba da allo da linzami ba tun yana ƙarami, ranar jarrabawa zai yi faɗa da na'ura kafin ya yi faɗa da tambaya. Zaɓin da ke gabansa a yau tsakanin GIMP ne da ƙofa a kulle.

Inda gawar take zuwa

Akwai kuma ƙarshen labarin da ba a cika faɗa ba. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 kan sharar kayan lantarki ya ƙiyasta cewa duniya ta zubar da tan miliyan 62 a 2022, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya kamata. Duk ranar da babban kamfani ya janye tallafi, ofisoshin Turai da Amurka suna sauke dubban na'urori, wasu su biyo jirgin ruwa zuwa Legas, su bazu a kasuwannin Alaba da Ikeja, daga nan su hauro Arewa. Masu kyau a cikinsu alheri ne gare mu idan mun san yadda za mu yi amfani da su. Amma idan muka karɓe su, muka aza musu manhajar da ta riga ta ƙi su a can, muka jefar bayan shekara ɗaya, to mun biya kuɗinmu ne domin mu zama juji. A bola ake ƙona wayoyinsu a ciro tagulla, dalmar da ke jikinsu ta shiga ƙasa da ruwa, masu shaƙar hayaƙin kuwa sau da yawa yara ne sa'o'in ɗalibanmu. Ƙasar da ta ga abin da ya faru a garin Koko a 1988, lokacin da aka jibge mata gangunan guba daga Italiya, bai kamata ta yi sakaci da wannan ba. Duk shekarar da muka ƙara wa kwamfuta ta aiki, shekara ce da muka hana ta zuwa bola.

Abin da muke nema

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Saboda haka muna gabatar wa shugabannin reshe waɗannan buƙatu, domin su kai su gaban hukumomin ilimi na jiha da na ƙaramar hukuma.

Na farko, kada a sake ayyana kwamfutar makaranta a matsayin matacciya sai an gwada ta da manhajar kyauta a gaban malamin da ke kula da ita, an kuma rubuta sakamakon a takarda mai sa hannu.

Na biyu, kowace takardar kwangilar sayen kwamfuta ta faɗi shekarar ƙira, da nau'in furosesa, da yawan ram, da irin katin hoto, da sunan kowace manhaja da za a ɗora tare da shaidar halaccinta. Kada hedimasta ya sa hannu a takardar karɓar kaya sai an kunna kowace na'ura an yi aiki da ita a gabansa, kuma kada a tsangwame shi idan ya ƙi sa hannu.

Na uku, a sa malamin aji wanda ƙungiya ta zaɓa a cikin kwamitin da ke tsara sayen kayan.

Na huɗu, a ware kaso daga kuɗin kowace kwangila domin horar da malamai, da gyara, da wutar sola ko man janareta. Kwamfuta ba ta aiki da addu'a kaɗai.

Na biyar, a daina karɓar kuɗi daga aljihun malamai ko na iyaye domin sayen katin hoto ko wani sashe, sai an nuna a rubuce cewa aikin da ake son yi ba zai yiwu ba sai da shi.

Akwai kuma abin da ba sai mun jira kowa ba. A cikin reshen nan akwai matasan malamai da suka iya ɗora manhaja da gyaran na'ura. Muna kira gare su da su ba da sunayensu ga sakataren reshe, a tsara ranar Asabar ɗaya a kowane zangon karatu, a zagaya makarantu da filashi ɗaya mai ɗauke da manhajojin kyauta. Muna kira ga kowane hedimasta ya zo taron reshe na gaba da takarda mai ɗauke da yawan kwamfutocin makarantarsa, da nawa ne ke kunnuwa, da abin da dxdiag ya nuna a kan kowace. Da waɗannan alƙaluma a hannu za mu shiga ofishin hukuma mu yi magana da hujja, domin mai hujja ba a sallamar sa da murmushi.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ba mu ƙi sabon abu ba, kuma ranar da aka kawo wa makarantunmu sababbin na'urori da cikakken tsari, mu ne za mu fara yin godiya. Amma kafin wannan rana, yaran da ke aji biyar a bana ba za su tsaya jira ba, shekararsu tana tafiya. Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar da aka ɗora mana, Ya ƙara haɗa kan malamai, amin.